Ranar da Sakata Ta Hana Ni Mutuwa

"…ni ne mamacin! Ni ɗin nan da kuke gani da gawayi a goshi! Kawu Rusi, kashe injin niƙan nan mana, ana magana! Goggo Veska, ajiye ludayin ki zo ki ga gawa tana rawa!"

Haka na yi ta kwarara ihu a tsakar gidanmu ranar Litinin da yamma. Gida shida ne suka haɗu ana gasa tattasai, hayaƙi ya turnuƙe, kwalabe jere a kan tebur ana jiran lyutenitsa, miyar tattasai da tumatir da muke ajiyewa don hunturu, ta yi kauri a cikin tukunya. Goggo Veska, maƙwabciyarmu, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Tsanko, rana ce ta taɓa ka, ko kwalbar Rusi ka leƙa?" Ban sha komai ba, murna ce kawai. Amma in ban faro daga ƙanwata Zornitsa ba, wadda muke kira Zori, ba wanda zai gane abin da ya sa ƙaton mutum mai shekara arba'in da ɗaya yake tsalle tsakanin kwandunan tattasai.

Shekara goma sha huɗu na ba ta. Lokacin da babanmu ya rasu tana rarrafe. Ni kuwa da ƙyar na gama firamare, ina jin malamin ma don ya huta da ni ne ya sa hannu a takardar. Na shiga aikin shimfiɗa tayil, har yau shi nake yi, kuma in kun shiga banɗakin da na yi ba za ku ga layi ɗaya a karkace ba. Karatu dai sai a hankali, da yatsa nake bin layi.

Zori tana da shekara shida na yi wata ɓarna. Na kwance awakinmu uku da safe alhali ƙofar lambu a buɗe take. Kafin in juya sun faɗa kabejin Goggo Veska, sun bar mata kututture. Muryar Goggo ranar har bakin coci an ji ta. Ni na manta da abin bayan sati guda, amma yarinyar nan ba ta manta ba. Kullum da safe sai ta riga ni fita da rigar barci, ta je ta tura sakatar ƙofa da hannu biyu, sannan ta juyo ta ce, "Yaya, yanzu kwance." In na kai hannu igiya kafin ta tura, sai ta fashe da kuka. Daga nan unguwa ta sa mata suna Sakata. Ba ta kunna murhu sai ta shinshina ɗakin, ba ta zuba madara a tukunya sai ta ɗanɗana. Mun sha yi mata dariya, ni ne ma kan gaba.

Tana da sha biyar Innarmu ta tafi Italiya, garin Bari, tana jinyar wata tsohuwa. Har yau tana can. Ita kanta Inna ƙwayar ciwon zuciya take sha safe da yamma, waya kuma kullum tana aljihun rigar girkinta, ko ƙara kaɗan ta yi sai ta ciro ta duba. Ni na riƙe Zori har ta tafi birnin Plovdiv ta yi karatun na'urori. 'Yan ajinsu suna karɓar takarda suka watse, wasu Jamus, wasu Holan. Layinmu gida ashirin ne, shida ne kawai ake kunna wuta a ciki. Ƙawarta da ke Munik har gado ta saya mata, kullum sai ta bugo ta ce me take jira.

Zori ta ce da ni, "Yaya, zan gwada sau ɗaya a nan. Akwai wani ƙaramin kamfani a cikin gari, za su ɗauke ni gwajin wata uku. In sun riƙe ni, na zauna. In ba su riƙe ni ba, kar ka ce komai, bas ɗin Jamus zan hau."

Na ce to. Me zan ce? Amma wata ukun nan duk bas ɗin da na gani a tasha sai in kau da kai. Litinin ɗin da nake ba ku labari, ita ce farkon satin ƙarshe na gwajin.

Kamfanin nasu manyan na'urori suke kiwo a wani ɗaki mai sanyi kamar firij. Ba su da allo, sai 'yan fitilu suna ƙifta ido. Babbar cikinsu uwar garke suke ce mata, kuma sunan ya dace, don shago talatin da ɗaya ne a garin nan suke tsotso a jikinta: lauya, masana'antar tumatirin gwangwani, likitan haƙori, otal, duk saƙonninsu na imel ta cikinta suke fita. A ciki har da maɗaba'ar tsoho Kiro, mai buga takardun rasuwa da muke liƙawa a ƙofofi da bishiyoyi. Tun da rabin dangin kowa suna waje, Kiro ya sa aka yi masa wani tsari: in ya buga takarda, na'ura ta aika wa duk 'yan uwan da iyali suka ba da adireshinsu. Gajeren saƙo ne, suna da sunan gida da kwanan wata, ya rasu. Sauran bayani, shekaru da sunan uba da fuskar mamaci, duk suna jikin hoton takardar da ake maƙalawa.

Ranar Lahadi uwar garken ta mutu murus. Mai kamfanin, Madam Ganeva, tana Madrid wajen 'yarta mai tsohon ciki, jirginta sai Litinin da rana zai sauka. Ta bar wa Plamen riƙo. Plamen mutumin kirki ne in ba a matsa masa ba, aikinsa magana da masu shaguna, taye a wuya, turare kamar ango, amma na'ura ko wajen kunna ta bai sani ba. Wanda ya san na'ura a da ya tafi Jamus, shi ya sa ma aka ɗauki Zori.

Ni kuwa ina wurin, don ita ta samo mini aikin gyaran matattakalar ginin. Ina durƙushe da siminti a bakin ƙofar ofis, komai a kunnena.

Tun ƙarfe bakwai na safiyar Litinin Zori ta kwashe kwafin bayanan da suke ajiyewa ta zuba a sabuwar na'ura. Plamen yana tsaye a kanta yana duba agogo.

"Gama mana, Zornitsa. Ƙarfe takwas za a buɗe shaguna."

"Na gama. Saura in rufe ƙofa."

"Wace ƙofa? Kunnawa na ce ki yi."

"Sai na rufe tukuna."

Na yi dariya ni kaɗai a kan matattakala. Na ce a raina, Plamen, yau ka gamu da Sakata.

Daga baya ta yi mini bayani da kwalayen tayil, har na gane. Ashe na'urar kamar gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace da lambarta. Saƙon imel ta ƙofa mai lamba ashirin da biyar yake fita, akwai kuma ƙananan ƙofofin gefe guda biyu, ɗari huɗu da sittin da biyar, da ɗari biyar da tamanin da bakwai. Kun ga na haddace, ni da ban iya lambar wayar matata ba. A zagaye da gidan akwai katangar tsaro, ita kuma katangar doka take bi. Sai Zori ta rubuta mata layi uku: duk abin da ya zo fita ta ƙofofin nan, a tare shi. Mai shigowa ya shigo, ba ruwanta. Saƙon da aka tare kuma ba ya ɓata, layi yake komawa ya zauna yana jira, kamar mutane a tashar da bas bai iso ba.

Ta rufe, sannan ta tayar da na'urar. Minti biyu ban ji komai ba. Can sai na ji ta ce, "Yaya. Zo."

Muryar ba irin wadda take kirana cin abinci da ita ba ce. Na goge hannu a wando na shiga. Baƙin allo ne da fararen rubutu, layi a kan layi suna ta ƙaruwa kamar tururuwa. Ta ɗora yatsa a kan guda ɗaya ta ce in karanta. Ba na buƙatar yatsa in karanta sunana. Tsanko Bakalov ya rasu. Ga kwanan watan ranar. Ga adireshin Inna a gefe.

Kakanmu ne. Sunansa na ci, kamar kowane jikan fari, kuma ya rasu tun cikin hunturu yana da shekara casa'in da uku, an yi masa arba'in, an raba dafaffiyar alkama, an gama. Amma kwafin da aka dawo da shi ya manta da alamar cewa an riga an aika. Sai tsarin Kiro ya ɗauka duk wanda ya mutu a garin nan cikin shekara biyu bai sanar da kowa ba, ya fara sabon aike da kwanan watan yau. Hotunan kuma a wani wuri daban suke, ba su dawo ba. Suna ne tsirara. Tsanko Bakalov ɗaya ne ya rage a duniya, kuma ga shi tsaye da siminti a gwiwa.

Na ga Inna a kicin ɗin tsohuwar nan tana ciro waya daga aljihu. Na zauna a kan kwandon shara.

"Ya tafi?" na ce.

"Bai tafi ba. Yana bayan ƙofa."

"Kin tabbata?"

"Yaya, ni ce fa."

Ƙarfe takwas da kwata wayoyi suka fara. Lauya yana da takardar da dole ta isa kotu, masu tumatir suna da mota a bakin iyaka tana jiran takardun kaya, otal yana ihu. Plamen ya riƙe waya biyu, ɗaya a kowane kunne, yana ta "yanzu-yanzu, ranka ya daɗe." Ya ajiye ya nufo ta, wuyansa ya yi ja har ya fi tayen.

"Buɗe."

"Duba allon nan tukuna."

"Na duba. Matsalar Kiro ce, shi da tsarinsa. Mu ba ma karanta wasiƙun mutane, aikinmu su fita. Shago talatin ba za su tsaya saboda mai buga takardar matattu ba."

"To in na buɗe, rabin Turai za ta hau mota ta taho jana'izar masu rai."

"Ki goge nasa kawai mana!"

"Dukkansu da sunan na'ura ɗaya suke fita, nasa da na lauya da na otal, ambulan iri ɗaya. Kuma mutum biyu sun rasu da gaske jiya, gobe za a binne su, nasu saƙon yana ciki. In na share da tsintsiya, 'ya'yansu ba za su ji ba."

Ya kira Madam Ganeva, waya a kashe, tana sama. Ya dawo ya nuna ta da biro. "Ke fa 'yar gwaji ce. Ba wanda ya ba ki izinin rufe wa gari baki. Minti biyar na ba ki. In ba ki buɗe ba, gwajinki yau ya ƙare, ni na faɗa."

Na miƙe da cokalin siminti a hannu, ban ma san na ɗauko shi ba. Zori ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Yaya, simintinka zai bushe." Sannan ta ce da Plamen, "Zan buɗe. Ba yanzu ba. Ka ce wa lauya ya aika ta wayarsa, masu tumatir ma haka. Abin da ke layi ba zai ɓata ba."

Na san aikinta ne ta sa a caca. Ita ma ta sani. Ta ci gaba da danna madannai.

Ta fara dakatar da tsarin Kiro don ya daina haihuwa. Sannan ta kira tsohon da kansa. Kiro kurma ne rabi, ina ji tana ɗaga murya: "Kawu Kiro, su wa ka buga yau da safe? A'a, ba ni ce na mutu ba! Sunayen na yau nake so!" Ya ba ta biyu. Ɗaya mace ce, ba wuya. Ɗayan Dobri Donev, kuma Dobri Donev biyu ne a layin, kaka da ya rasu bara da jikan ɗan'uwansa da zuciya ta buge jiya a gona. Sai da ta sa Kiro ya ɗauko littafinsa ya karanto mata adireshin dangin kowanne kafin ta yarda ta raba su. Sauran tsofaffin ta kora su gefe, garke-garke, ta kulle, ba ta goge ko ɗaya ba. Ta ce Madam ta zo ta gani da idonta.

Awa biyu da minti goma. Ni dai tayil uku na shimfiɗa a lokacin, biyu ma sai da na ɓamɓare. Da ta tabbata layin ya yi tsaf, ta aika wa kanta saƙon gwaji, ta ga ya tsaya a bayan ƙofa yadda ya kamata, sannan ta cire dokokin nan uku. Saƙonnin suka fita a jere, na lauya, na otal, na likitan haƙori, da na mamatan gaskiya guda biyu. Kafin in ƙirga ashirin layi ya zama fayau.

Na zaci Plamen zai sauko. Ina! An riga an zage shi a waya sau talatin, lauya har ya ce zai canza kamfani. Ya miƙa hannu ya ce, "Katin shiga. Je ki gida. In Madam ta sauka zan gaya mata abin da kika yi, ita ta san yadda za ta yi da ke."

Ta ciro katin daga wuya ta ajiye. Ta ɗauki takarda ta rubuta inda ta kulle tsofaffin saƙonnin, ta ɗora katin a kai don kar iska ta ɗauke. Har a lokacin!

A mota na zazzage duk abin da ke bakina a kan Plamen da tayensa da turarensa. Da muka wuce tasha, na ga ta juya tana kallon allon da ake rubuta lokutan bas ɗin Jamus. Na taka mota.

Muka tarar da tsakar gida a cike. Ta sa tsohuwar rigar Inna, ta zauna a kan kujerar tsugunno a can gefen rijiya, ta ja kwano ta fara ɓare gasasshen tattasai. Goggo Veska ta hango ta ta ce, "A'a, Sakata, yau na'urorin sun ba ki hutu? Ko sun gane ba ki iya yanka albasa ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Hutu ne, Goggo." Ba ta gaya wa kowa ba, ni ma ta harare ni na haɗiye. Na zauna kusa da ita ina ɓarewa, ina ɓata rabi. Wayarta tana kan bakin rijiya. Ƙawar nan ta Munik ta bugo sau ɗaya, Zori ta dubi sunan ta bar shi ya gama ringi.

"Da kin buɗe," na ce a hankali, "da ba wanda zai ce laifinki ne. Umarni aka ba ki."

"Da yanzu kana waya da asibitin Bari."

Na ci gaba da ɓare tattasai.

Ƙarfe huɗu da rabi wayar ta sake ƙara. Madam Ganeva. Hannun Zori baƙi ƙirin da ɓawon tattasai har wuyan hannu. Ta ce, "Yaya, ɗauka ka sa a lasifika." Yatsana ya zame sau biyu kafin na danna.

"Zornitsa? Daga filin jirgi ofis na wuce. Plamen ya ba ni labari, da ƙari. Na kuma ga takardarki."

"E, Madam. Na rufe ba tare da izini ba, na sani."

"Na buɗe waɗanda kika kulle. Dubu huɗu da ɗari biyu da sha ɗaya. Kin karanta su duka?"

"A'a, Madam. Kanun kawai, don in raba."

Injin niƙan Kawu Rusi yana ta gurnani a ɗaya gefen, na kare wayar da tafin hannu.

"Mahaifin mijina ya rasu bara," in ji Madam. "Ɗana sunansa ya ci. Akwai guda ɗaya a ciki da adireshin 'yata, wadda na baro da safe da cikin wata takwas." Ta ja numfashi. "Ko ɗaya bai fita ba? Gaya mini da bakinki."

"Ko ɗaya. Na rufe kafin na kunna."

"Wa ya koya miki haka?"

Zori ta dube ni ta gefen ido. "Awaki, Madam."

"Me?"

"Dogon labari ne."

"To gobe ki ba ni. Ƙarfe takwas ki zo, katinki yana kan teburina, da takardar aiki ta dindindin, ki sa hannu. Lauya ni zan ji da shi. Kuma ki rubuta lambobin ƙofofin nan uku da manyan baƙi ki liƙa a ɗakin na'urori, daga yau ba a tayar da komai sai an rufe su. Plamen ma zai haddace."

Ni ban san lokacin da na miƙe ba, kwanon tattasai ya kife, na fara ihun da kuka ji.

"Zornitsa, wane ne wannan yake kururuwa haka? Lafiya?"

"Lafiya lau, Madam," in ji ta. "Yayana ne. Mamacin."